Tsofaffin wasannin talabijin: iri nawa ne, kuma ta ina ake farawa?

Abban Husna (Kaduna):

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman wanda ya san tsofaffin wasannin talabijin ya taimaka mini da bayani. Na saya wa yarana irin ƙaramin akwatin nan da ake jona wa talabijin, wanda aka zuba dubban wasanni a cikinsa, tun daga na zamanin Family Game har zuwa na PlayStation ta farko. Da muka kunna sai muka tarar da jerin sunaye wanda ba ya ƙarewa, babu tsari, babu bayani, wasu ma da rubutun Japananci suke. Ni kuwa abin da na sani tun ina yaro bai wuce Mario da Contra da wasan tankar yaƙi da ƙwallon ƙafa ba, sai Mortal Kombat da muke leƙawa a gidan gem.

Tambayata biyu ce. Ta farko, waɗannan wasanni iri nawa suka kasu, kuma wanne ya cancanci a fara gwadawa a kowane iri? Ta biyu, me ya sa mu a nan muka taso ba mu san komai ba sai ƙwallo da faɗa da harbi, alhali mutanen wasu ƙasashe suna ta yabon wasannin da ban taɓa gani ba, irin su Zelda da Final Fantasy? Babban yarona shekararsa goma sha biyu, ƙaramar kuma bakwai, saboda haka ina so in san abin da ya dace da su da wanda ya kamata in kauce wa. Allah ya saka da alheri.

Injiniya (Zariya):

Wa alaikumus salam, Abban Husna. Zan ɗauki tambayar farko, ta biyun kuma akwai waɗanda suka fi ni saninta a wannan zaure.

Kafin a shiga rabe-raben, yana da kyau a san cewa abin da muke kira Family Game asalinsa na'urar kamfanin Nintendo ce mai suna Famicom, wadda ta fito a Japan a watan Yulin 1983, aka sake mata siffa aka kai ta Amurka a 1985 da sunan NES. Mafi yawan waɗanda suka shigo kasuwanninmu kwaikwayo ne daga Taiwan da ƙasar Sin, kuma kaset ɗin nan ruwan ɗorawa da muka sani siffar na Famicom ne mai haƙora 60, ba na Amurka mai 72 ba. Bayanta sai Sega Mega Drive a 1988, da Super Nintendo a 1990, sannan PlayStation a ƙarshen 1994. Duk abin da ke cikin akwatinka, kusan a tsakanin waɗannan huɗun yake.

Iri na farko, wanda a ganina shi ne ginshiƙin zamanin gaba ɗaya, shi ne wasan gudu da tsalle, inda ɗan wasa yake tafiya daga hagu zuwa dama yana tsallake ramuka da abokan gaba. Super Mario Bros. na 1985, wanda Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka suka tsara, shi ne sarkinsu. Ka zauna ka kalli matakin farko da idon basira za ka ga gwanintar da aka zuba. Babu rubutun da ya ce maka ka yi tsalle, amma an turo maka abokin gaba guda ɗaya tak a fili, ko ka tsallake shi ko ka mutu ka koyi darasi cikin daƙiƙa kaɗan. Idan ka daki tubalin da naman kaza yake ciki, zai fito ya gangara, ya bugi bututun da ke gaba, ya juyo kanka a daidai wurin da tubalan sama suka sa tsallake shi yake da wuya, sai ya taɓa ka, ka ga ka ƙara girma, ka gane cewa wannan abin alheri ne. An koyar da kai dokokin wasan ba tare da kalma ɗaya ba, kuma shi ya sa yaron da bai iya Turanci ba yake fahimtarsa nan take. Duk matakai 32 na wasan da kiɗansa da zanensa an cusa su ne cikin kilobait 40, wato ƙasa da hoto guda da ake turawa ta waya a yau. Saboda ƙarancin wuri, zanen gajimare da na ciyayi ɗaya ne, launi kawai aka sauya. Ka duba za ka gani da idonka.

A wannan iri, bayan Mario na farko sai ka nemi Super Mario Bros. 3 da Super Mario World, sannan Sonic na Sega na 1991, wanda aka gina shi a kan gudu, kuma yake da sauƙi ga yara domin muddin kana riƙe da zobe ko guda ɗaya ne, bugu ɗaya ba zai kashe ka ba. Mega Man 2 na 1988 ya fi wuya, amma yana da dabara mai kyau: kai kake zaɓar wanda za ka fara yaƙa cikin manyan abokan gaba takwas, kuma duk wanda ka kayar kana gadon makaminsa, wanda shi ne lagon wani daga cikin sauran.

Na biyu shi ne harbi. Akwai na jirgi, irin su Galaga da 1942 da Gradius, akwai kuma na soja a ƙasa, wanda Contra na kamfanin Konami ya fi shahara a cikinsu. Sirrin nan na sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, B, A, wanda yake ba da rai talatin a maimakon uku, ba don Contra aka ƙirƙire shi ba. Wani ma'aikacin Konami mai suna Kazuhisa Hashimoto ne ya saka shi a Gradius na Famicom a 1986, domin wasan ya yi masa wuya lokacin da yake gwada shi, sai aka bar shi a ciki. Wasan tankar da ka ambata kuwa sunansa Battle City, na kamfanin Namco, na 1985, ko da yake wanda ya fi yawo a kaset ɗinmu shi ne Tank 1990, wanda aka yi wa kwaskwarima a ƙasar Sin. Yana cikin mafi dacewa ga wa da ƙanwa, domin mutum biyu ne suke haɗa kai su kare mikiyar da ke ƙasan allo.

Za ka lura cewa waɗannan wasanni suna da wuya fiye da na yanzu, kuma akwai dalili. Da yawansu an fara yin su ne don manyan injinan da ake jefa wa tsabar kuɗi a shaguna, inda mutuwar ɗan wasa da wuri ita ce cinikin mai injin. Da suka dawo gida kuma, kaset ba ya ɗaukar abu mai yawa, sai aka riƙa tsananta wasan don kada wanda ya biya kuɗi mai yawa ya gama shi a wuni guda. Ita ma ƙyaftawar da za ka gani idan abokan gaba sun yi yawa, ba lalacewa ba ce: Famicom ba ta iya nuna zane mai motsi fiye da takwas a kan layi guda na allo, don haka take nuna su bi da bi.

Tsere shi ne na uku, kuma ba zan daɗe a kansa ba. Road Fighter da Excitebike na Famicom suna da daɗi na ɗan lokaci, Road Rash na Sega na 1991 tseren babur ne da doke-doke, Super Mario Kart na 1992 shi ne na iyali. Gran Turismo na 1997 kuwa wani abu ne daban, domin motoci ne na gaske da nauyinsu da birkinsu, har sai ka ci jarrabawar lasisi kafin a bar ka shiga manyan tsere, kuma shi ne wasan da aka fi saya a PlayStation ta farko.

Tsohon Mai Gidan Gem (Kano):

Injiniya, Allah ya ƙara sani. Malam Abban Husna, tambayarka ta biyu ta faɗo gidana, domin na yi wannan sana'a tun ana Sega har aka shiga PlayStation 2.

Amsar ba ta wuce lissafin kuɗi ba. Yawancin yaran unguwa ba su da na'ura a gida, a shago suke wasa, kuma a shago kowane wasa kuɗinsa daban. Mai shago yana biyan haya, yana sayen man janareto, yana da talabijin uku ko huɗu da yara cike da benci suna jiran layi. Wasan da zai yi masa amfani shi ne wanda mutum biyu za su zauna, a gama cikin minti biyar ko goma, a san wanda ya ci, wanda aka ci ya biya ya tashi, wani ya zauna. Ƙwallo da faɗa su ne suka cika wannan sharaɗi. Wasan da mutum ɗaya zai riƙe talabijin na awa arba'in yana karanta hirar mutanen wani ƙauye, kawo shi gidan gem tamkar a ce wa mai shayi ya tuƙa tuwo ne.

Wasan faɗa na mutum da mutum, Street Fighter II na kamfanin Capcom ne ya kafa shi a 1991, da 'yan wasa takwas, kowanne da salonsa da ƙasarsa, da maɓallai shida, uku na naushi uku na shuri. Jeranta bugu a kan bugu kafin abokin karawa ya farfaɗo, wanda ya zama ruhin irin wannan wasa har yau, ba da gangan aka tsara shi ba. Masu aikin sun lura da shi ne a lokacin gwaji suka ƙyale shi. Ya shigo Super Nintendo a 1992, kuma saboda irinsa Sega ta fitar da madannin hannu mai maɓallai shida a 1993. Mortal Kombat ya zo a 1992 da hotunan mutane na gaske da jini, kuma a wurinmu ya fi Street Fighter farin jini nesa ba kusa ba, ko da yake a ra'ayina bai kai shi zurfi ba. A PlayStation sai Tekken 3 na 1998, inda kowane maɓalli yake riƙe da hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya. Akwai ɗan wasa a ciki mai suna Eddy Gordo, mai salon faɗan Burazil, wanda ko yaron da bai iya komai ba idan ya dinga danna maɓallan ƙafa barkatai sai ya kayar da gwani. Rigimar da ya jawo a shagona ta sa dole na kafa doka cewa ba a ɗaukarsa sai da yardar abokin karawa.

Akwai ɗan uwan wannan iri da Injiniya bai ambata ba, wato wanda mutum biyu suke tafiya a titi suna dukan taron 'yan daba har su kai ga bos, wato babban abokin gaba na ƙarshen mataki, irin su Double Dragon na 1987 da Golden Axe da Streets of Rage 2 na 1992. Na ƙarshen nan shi ne mafi kyau a Sega, kuma kiɗan da Yuzo Koshiro ya yi masa ya isa dalilin kunna shi.

Amma ƙwallo ita ce uwa uba. FIFA ta fara fitowa a Mega Drive a ƙarshen 1993, sai dai Konami ce ta mallaki zukatan yaranmu, tun daga International Superstar Soccer Deluxe na 1995 har zuwa Winning Eleven a PlayStation. Faifan da muke samu galibi na Japan ne, babu wanda yake karanta abin da aka rubuta, amma kowane yaro ya haddace cewa layi na kaza shi ne canjin ɗan wasa, na kaza shi ne tsarin fili, kuma duk unguwa ana kwaikwayon ihun mai sharhin, Jon Kabira. Dabarar da kowa ya sani ita ce a ɗauko Roberto Carlos daga baya a mayar da shi gaba saboda gudunsa da ƙarfin ƙafarsa ta hagu. Abin alfaharinmu kuwa shi ne Tijjani Babangida, haifaffen Kaduna, ɗan wasan Ajax a wancan lokaci, wanda yake cikin tawagar da ta ci zinare a gasar Olympics ta Atlanta a 1996, kuma shi ya ci wa Najeriya ƙwallo ɗayan nan a wasan Denmak na gasar cin kofin duniya ta 1998. A Winning Eleven yana cikin mafi gudu a duk wasan, har ya zama a ƙasashe da dama masu buga gasar Master League ta cikin wasan, wadda aka fara a 1999, suna rububin sayensa da zarar sun tara maki. Ka nuna wa babban yaronka shi, tunda ɗan garinku ne.

Wani abin da ya hana mu sanin dogayen wasanni shi ne ajiya. Kaset na asali mai dogon labari yana da ɗan batiri a ciki wanda yake riƙe inda ka tsaya, na kwaikwayo kuwa sau da yawa babu. A PlayStation sai da katin ajiya mai gurbi 15, kuma a shago kati ɗaya kowa yake amfani da shi, yau ka ajiye gobe wani ya goge. Ga ɗauke wuta a tsakiyar wasa, ga idon na'urar da yake gajiya saboda kwafaffun faifai da ƙura, har mu kifa ta a kan bayanta ko mu jingine ta a tsaye kafin ta karanta. Wanda yake zaman jiran ko tambarin PlayStation na biyu, alamar cewa an karanta faifan, zai fito ko ba zai fito ba, ba shi da zuciyar fara labarin faifai uku.

Malama Ummu Khalil (Maraɗi):

Sannunku da ƙoƙari. Alhaji mai gidan gem, na yarda da lissafinka, amma ina ganin bai cika ba, domin ko yaran da suke da na'ura a gida ba su san waɗannan wasanni ba. Akwai dalili daga can inda kayan suke fitowa. Na'urorin asali da suka iso mana yawanci kwance ne daga Turai, kuma ita kanta Turai an hana ta mafi yawan wasannin labari na Japan a wancan zamani, saboda tsadar fassara su zuwa harsuna da yawa da kuma tsadar manyan kaset. Dragon Quest, wanda Yuji Horii ya fara a 1986 kuma ya zama abin ji da kai a Japan, babban jerinsa bai shiga Turai ba sai a 2006. Chrono Trigger na 1995 bai je can ba sai a 2009. Final Fantasy ya fara a 1987, amma na bakwai, na 1997, shi ne na farko a babban jerin da aka sayar a Turai. Abin da bai je Faransa ko Ingila ba, ta yaya zai zo Maraɗi ko Kano a cikin kayan gwanjo?

Yadda irin wannan wasa yake shi ne, kana jagorantar 'yan tafiya daga gari zuwa gari, kana magana da mutane, kana sayen makamai da magani, kuma faɗan ba saurin yatsa ba ne, zaɓi ne daga jerin umarni, kowa da lokacinsa. Ga yaro ɗan shekara goma sha biyu yana da amfani na zahiri, domin ba zai ci gaba ba sai ya karanta ya fahimta. Ni da Chrono Trigger zan fara masa, saboda bai cika tsawo ba kuma ba ya ɓata lokaci. Zelda kuwa tsaka-tsaki ne: kai kake sara da takobi da hannunka, amma asalin wasan bincike ne da warware matsala, ka samo fitila ko ƙugiya a wani kogo, sai ta buɗe maka hanyar da ka wuce jiya ba ka iya shiga ba. Na farkon na 1986 yana da ɓatarwa ƙwarai, gara A Link to the Past na Super Nintendo na 1991. Sai dai ka sani akwai tsafi da dodanni a labaransu, don haka ka zauna da shi ka yi masa bayanin cewa ƙage ne.

Ga 'yar ƙaramar kuma, na yi mamaki da babu wanda ya ambaci wasannin wasa ƙwaƙwalwa. Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a zamanin Tarayyar Sobiyet, siffofi bakwai ne kacal, kowace da murabba'i huɗu, kuma wasan ne ya sa na'urar hannu ta Game Boy ta yi kasuwa a 1989. Shi ne dai muka sani a 'yar na'urar hannun nan ta Brick Game. Har yanzu ana gasarsa, kuma a watan Disambar 2023 wani yaro ɗan shekara 13 a Amurka ya buga na NES har sai da wasan ya sandare a mataki na 157. Dr. Mario da Bomberman da Pac-Man duk za su yi mata.

Abin da zan ce ka ɓoye shi ne Mortal Kombat da Resident Evil na 1996. Ba tsoron iyayenmu kaɗai ba ne: Mortal Kombat yana cikin wasannin da suka sa majalisar dattawan Amurka ta yi zama a watan Disambar 1993, kuma daga nan aka kafa hukumar ESRB a 1994 don rarraba wasanni bisa shekaru. Nintendo ta mayar da jinin ya zama gumi mai launin toka a nata, Sega kuma ta ɓoye shi a bayan wani sirri da kowane yaro ya sani.

Abban Husna (Kaduna):

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Saura abu biyu. Na ga Duck Hunt a jerin, kuma akwai tsohuwar bindigar roba a gidanmu, ko akwai yadda za a yi ta yi aiki? Sannan Sonic na cikin akwatin nan ya fi wanda na sani a da sauri, har kiɗan ma, shin akwatin ne yake da matsala?

Injiniya (Zariya):

Bindigar ba za ta yi ba, Abban Husna, ko da ka sami inda za ka jona ta. Ba harbi take yi ba, haske take gani: idan ka ja kunamar, allon yakan yi baƙi na ƙiftawar ido, sai a zana farin murabba'i a inda agwagwar take, bindigar ta duba ko ta ga farin a daidai wannan lokaci. Tsohuwar talabijin mai ƙeya tana nuna hoto nan take, ta bango kuwa tana ɗan jinkirta shi kafin ta nuna, sai lissafin ya ruguje. Wannan jinkirin ne kuma yake sa tsallen Mario ya riƙa makara a sabuwar talabijin, don haka ka shiga saitinta ka kunna yanayin wasa, ka kuma mayar da faɗin hoton zuwa 4:3 don kada mutanen su baje.

Shi kuwa Sonic, na akwatinka ne yake gudu yadda masu shi suka tsara. A wancan zamani, talabijin na Japan da Amurka suna sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, namu da na Turai sau 50, kuma wasanni da yawa ba a gyara su ba da aka kawo su Turai, sai suka rage gudu da kusan kashi ɗaya cikin shida, har da kiɗan. A jerin sunayen, wasan da aka yi wa Turai akan rubuta masa Europe ko harafin E a gaban sunansa, na Amurka kuma U ne, na Japan J. Waɗannan haruffa za su kuma nuna maka cewa dubban sunayen nan maimaici ne ya yi musu yawa, domin wasa ɗaya yakan fito sau uku ko huɗu. Yawancin irin waɗannan akwatuna suna da wurin ware zaɓaɓɓu, sai ka tara wa yaran kamar guda ashirin daga cikin waɗanda aka ambata a sama, ka kuma koya musu maɓallin da yake ajiye wasa a duk inda aka tsaya, saboda ɗauke wuta.